Sharon ba kuskure ba ce: raddi ga masu son a ce "motar iyali"

Wani malamin harshe ya yi rubutu kwanan baya yana kira ga gidajen rediyo da jaridu su daina amfani da kalmar Sharon. Hujjojinsa su ne: lafazin gurɓatacce ne, domin sunan motar Sharan, sunan kamfani ba ya zama sunan jinsi, kuma tunda don iyali aka ƙera ta, sai a ce "motar iyali", ko a kira ta "ƙaramar bas". Malam ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai ban yarda da ko ɗaya daga ciki ba.

Batun lafazi shi ne mafi sauƙi. Gaskiya ne Volkswagen ta rubuta Sharan a bayan motar tun da ta fito da ita a 1995. To amma in wannan ne ma'auni, Malam zai rasa abin hawa gaba ɗaya, domin mota da tasha da direba da birki da sitiyari babu wadda ta shigo Hausa da kamanninta na asali. Fijo ma ba haka mutanen Faransa ke faɗarta ba, ga shi kuwa tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, ba wanda ya kai ƙara. Ban da haka, Bazazzagin da ya ji "sharan" abin da zai fara zuwa masa shi ne tsintsiya da bola. Wane direba zai so a yi wa motarsa wannan kira a gaban fasinja?

Hujja ta biyu ita ce Malam ya fi jingina da ita. Ya ce jahilci ne ka ga Ford Galaxy ka kira ta Sharon. Da ya bincika tarihin motocin da bai faɗi haka ba. Volkswagen da Ford haɗa jari suka yi suka gina masana'anta guda a Palmela ta ƙasar Fotugal, kuma daga nan Sharan da Galaxy suka fito a shekara guda, sannan SEAT Alhambra ta biyo su a 1996. Gangar jiki ɗaya ce, kujeru bakwai, bambancin bai wuce tambari da fitilu da 'yan gyare-gyare ba. Sai a 2006 Ford ta ware ta ƙera tata Galaxy daban. Ke nan ɗan kamashon da ya haɗa ukun a suna guda ya ga abin da injiniyoyin suka yi da gangan. Idonsa ya fi na mai karanta tambari kaifi.

Ko da ma ba haka ba, ƙa'idar da Malam ya kafa ba ta da gindi a Hausa. Matar da ta aiki yaro sayen omo ba ta damu da kamfanin da ya yi garin sabulun ba. Haka magi, haka makilin, haka indomi. A tashar ma akwai Kanta, wadda asalinta Mitsubishi Canter ce. Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da warware wannan mas'ala: sun raba ma'anar da aka ajiye kalma a kanta tun farko da ma'anar da al'ada ta mayar da ita, suka kira ta biyun haƙiƙa urfiyya. Misalin da suka fi kawowa shi ne dabba. A asalin Larabci duk mai tafiya a doron ƙasa ne, har da ɗan Adam, amma al'ada ta taƙaita ta ga masu ƙafa huɗu, kuma a wannan taƙaitacciyar ma'ana Hausa ta karɓe ta. Wanda ya kira maƙwabcinsa dabba ya ce ai asalin lugga yake nufi, alƙali ba zai saurare shi ba. In an yarda da hukuncin al'ada a nan, da wane dalili za a ƙi shi a Tashar Unguwa Uku?

Kuma ba gaskiya ba ne cewa mutane sun yi wa duk irin waɗannan motoci kuɗin goro. Sienna sunanta daban, layinta daban. Toyota ta fara ƙera ta a Amurka a 1997, kuma daga can take zuwa mana, yayin da Sharon ta biyo hanyar tsofaffin motocin Turai, daga Beljiyam zuwa Kwatano. Mai zuwa Abuja daga Kano ko daga Kawo ya san galibi kuɗin Sienna ya ɗara, ya kuma san abin da yake saya da ƙarin: fili da sanyi. Jahilai ba sa irin wannan rabe-raben.

Sai "motar iyali", kuma a nan ne shawarar ta fi rauni. Malam ya ɗauko manufar masu ƙera motar ya ɗora wa Hausa. E, lokacin da Chrysler ta fito da irin wannan mota a Amurka a 1983, Renault kuma ta fito da Espace a 1984, magidanci mai 'ya'ya uku ko huɗu suke hange. Amma motar da ta gama kai yaran Jamus makaranta, in ta sauka nan, wani aiki take kamawa. Kujera bakwai ta koma ɗaukar mutum tara ko goma, but a ɗaure da igiya saboda buhuna, kullum tana kan hanya. Bahaushe kuwa da ma yana da nasa rabon: motar gida da motar haya. Wannan rabo da amfani yake tafiya, ba da siffar mota ba. Golf ɗin da maigida ke kai iyalinsa biki da ita motar gida ce. Sharon ɗin da ke lodi a Jabi motar haya ce. In mai labarai ya ce motar iyali ta yi hatsari a hanyar Zariya, mai sauraro zai ɗauka gida guda ne abin ya shafa, alhali fasinjoji ne da ba su san juna ba.

"Ƙaramar bas" ma tana da masu ita. Kiya-kiya ce, Hiace ce, Homa ce, masu dogayen layukan kujeru da kwandasta a bakin ƙofa. Wanda ɗansa ya hau Sharon da safe, in ya ji an ce ƙaramar bas, hankalinsa zai kwanta a inda bai kamata ba. Wanda nasa ya hau Homa kuma ya tashi hankalinsa a banza.

Wuri ɗaya nake tare da Malam. A takardun mota da na inshora da rahoton jami'an kiyaye haɗurra da gaban kotu, dole a rubuta sunan da ke jikin motar harafi da harafi, Sharan ko Galaxy ko Alhambra, da shekarar ƙira da lambar inji. Amma wannan ba sabon darasi ba ne ga masu sana'ar. Je Ƙofar Ruwa ka ce kana neman kayan Sharon, kafin mai shago ya tashi daga benci sai ya tambaye ka wacce daga ciki, tsohuwar ƙira ko sabuwa, mai fetur ko mai gas.