Dillancin fili da gida: ilimi kafin la'ada

Babu cinikin da ya fi na fili ko gida nauyi a rayuwar mutum. Ma'aikacin gwamnati yakan shekara ashirin yana tsimi daga albashinsa domin ya samu fegi guda da iyalinsa za su fake a ciki ranar da ya ajiye aiki. Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram kuwa, ribar fataucinsa a gini yake adana ta, ya damƙa gidajen ga wakilin da zai riƙa karɓar masa haya. Dukansu biyu ta hannun dillali suke bi. Saboda haka ya wajaba a san abin da wannan mutum ya sani, da wanda ya jarraba shi, da wanda zai biya in ya yi ɓarna.

Irin ɓarnar ba baƙuwa ba ce a gidajen shari'a: fegi guda a sayar wa mutum biyu, gidan gado a sayar tun ba a raba ba, kuɗin haya su gauraye da kuɗin cefanen wakili. Wani abin ha'inci ne, amma da yawa rashin sani ne. Dillalin da bai iya bambanta takardar shaidar maigari da takardar fegi ta ma'aikatar magajin gari da babbar takardar mallaka ta titir fonsiye ba, zai halaka dukiyar mai saye ko da zuciyarsa fara ce. Haka wanda bai iya karanta taswirar gari ba zai nuna wa mutum fili a kan hanyar ruwa, alhali ambaliyar da ta ci unguwannin bakin kogi a Yamai cikin 2020 ta nuna abin da hakan ke jawowa.

Ƙasashe da dama sun daɗe da ɗaure wannan sana'a da ilimi. A Faransa, dokar Hoguet ta 2 ga Janairu 1970 ta hana kowa dillancin gidaje ko kula da gidajen haya na wasu sai da katin sana'a. Ba a samun katin sai an nuna ƙwarewa, an yi inshora, an kawo lamunin kuɗin jama'a da za a riƙe, kuma ba a cin la'ada sai da rubutaccen izinin mai dukiya. Dokar ALUR ta 2014 ta ƙara da tilasta ƙaro ilimi: awa 14 a shekara, ko 42 cikin shekara 3, in ba haka ba ba a sabunta katin. A 2009 ƙasashen Turai sun fitar da ma'auni guda, EN 15733, a kan aikin dillalan gidaje.

Ba al'amarin Turawa kaɗai ba ne. Tun 1975 Najeriya ta kafa hukumar rajistar masu kimanta gidaje da filaye. Ghana ta yi dokar dillancin gidaje a 2020, wadda ta kafa majalisar da ke ba da lasisi. Afirka ta Kudu ta sabunta tata dokar a 2019. Ƙari kuma, tun 2003 hukumar GAFI mai yaƙi da wanke kuɗin haram ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda dole su san wanda suke ciniki da shi. Ƙasar da dillalanta ba su san wannan nauyi ba, gidajenta kan zama maɓoyar kuɗin sata, farashi ya hau, mai albashi ya rasa wurin zama.

Masu adawa da tsari sukan ce za a kori tsofaffin dillalai da ba su yi lekol ba, a bar sana'ar ga masu takardar jami'a. Wannan tsoro yana da tushe, domin dattijon da ya shekara talatin yana dillanci a unguwa ya san tarihin kowane gida da magadansa, abin da ba a koyarwa a aji. Amma ko a Faransa an bar ƙofa: wanda ya yi shekara 10 yana aiki ƙarƙashin mai kati yana iya samun nasa ba tare da takardar makaranta ba. Abin da ya dace da Nijar shi ne horo gajere, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, tare da jarrabawar baki ga wanda bai iya rubutu ba.

Abin da za a koyar sananne ne: nau'o'in takardun fili da inda ake bincika sahihancinsu, aikin hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, hukuncin gado, dokokin OHADA a kan dillanci da hayar shaguna, da yadda ake ware kuɗin mai gida a asusu dabam tare da rasit. Zauren ƴan kasuwa da masana'antu na ƙasa da jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram suna da malamai da azuzuwan da za su ɗauki wannan aiki. Sharaɗi ɗaya ne: kada katin ya zama wata sabuwar hanyar karɓar haraji ko ta saka wa ƴan gaban goshi. A buga sunayen masu kati inda kowa zai gani, wanda ya ci amana kuma a karɓe nasa.

Dillalai na gaskiya su ne za su fi cin moriyar wannan tsari, domin a yau mugun guda yana shafa wa goma kashin kaji. Kafin hukuma ta motsa, mai saye yana da nasa rigakafin: kada ya ƙirga ko jika guda sai ya ga takarda, ya tabbatar da ita a ofishin da ya ba da ita, an kuma rubuta cinikin gaban shaidu. Wanda ke neman la'ada a kan gumin shekara ashirin na wani, ba a ƙware shi ba don an ce ya fara zuwa ya koyi aikin.