Katin Zaman Amurka Ba Ya Fitar Da Mutum Daga Najeriya

Duk lokacin da Sallah ko hutun ƙarshen shekara ya gabato, tambaya guda kan taso a tsakanin likitocinmu da malaman jami'a da ke zaune a Amurka da katin zama na dindindin, wato girin kad. Shin wanda ya zo gida zai iya komawa alhali wa'adin fasfonsa na Najeriya ya ƙare?

A dokar Amurka zai iya. Mai katin da bai mutu ba, wanda kuma bai cika shekara guda a waje ba, ba ya bukatar fasfo kafin jami'an kan iyaka su bar shi ya shiga. Hatta takunkumin biza da Shugaba Donald Trump ya sa wa 'yan Najeriya a Disambar 2025 ya keɓe masu wannan kati. Sai dai jami'in Amurka shi ne mutum na ƙarshe da matafiyi zai tsaya a gabansa, kuma mafi yawan masu maƙalewa tun a gida suke maƙalewa.

A Disambar 2022 Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta sanar cewa 'yan Najeriya mazauna waje za su iya dawowa da fasfon da ya ƙare. Matakin ya dace, domin sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya haramta hana ɗan ƙasa shiga ƙasarsa. To amma shigowa aka sauƙaƙa, ba fita ba. Wanda ya sauka Abuja cikin murna da tsohon fasfo, ranar komawa sabo za a nema a hannunsa. Kamfanin jirgi ma ba zai yi kasada ba, tunda shi ake ci tara idan ya ɗauki fasinjan da takardunsa ba su cika ba. Ga ɗan Arewa kuwa abin ya fi tsanani, don babu jirgin da ke tashi daga Kano ko Abuja kai tsaye zuwa Amurka. In bai gangara Legas ba, sai ya ratsa ta Adis Ababa, Alƙahira, Doha ko Turai, kuma katin Amurka ba takardar tafiya ba ce a wurinsu.

Babban haɗarin shi ne lokaci. Tilas mutum ya tsaya sabunta fasfo, wanda daga Satumbar 2025 kuɗinsa ya koma naira 100,000 na shekara 5 da naira 200,000 na shekara 10. Kuɗin ba zai gagari mai albashin dala ba. Abin da ke gagararsa shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin tsohon fasfo da rajistar katin ɗan ƙasa, matsalar da ta yi mana katutu saboda yadda ake rubuta Muhammadu ɗaya da siga uku. Yana wannan zirga-zirga, kwanaki na tafiya. Idan ya haura kwana 180 a waje, jami'an Amurka na da hurumin yi masa tambayoyi a matsayin mai neman shiga. Idan ya kai shekara ba tare da takardar izinin komawa ba, katin kaɗai ba zai wadatar ba, sai ya nemi biza ta musamman, ya kuma tabbatar da cewa jinkirin ya fi ƙarfinsa. Ga aiki da iyali can suna jira.

A ganina gwamnati ta magance alamar ciwo ne ta bar ciwon. Mutane na zuwa da mataccen fasfo ne saboda sabuntawa a can ma aiki ne, ofisoshi uku kacal gare mu a ƙasa mai faɗin Amurka: Washinton, New York da Atlanta. Sabuntawa ta wayar hannu da Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya fara da ita a Kanada a Nuwamban 2024 hanya ce mai ɓullewa. Kafin ta kankama, ya kamata a buɗe teburi na musamman a filayen jirgin Kano da Abuja, inda wanda ya sauka da tsohon fasfo zai shigar da bukatar sabo tun ranar da ya iso, a kuma yanka masa ranar karɓa kafin ranar tikitin komawarsa.