Keke Ba Abin Kunya Ba Ne

A cikin shekarun 1970 wasu samarin Kalifoniya ta Amurka suka soma gangarowa daga Dutsen Tamalpais bisa tsofaffin kekuna ta siraran hanyoyin daji. Kamar wasa, a 1996 abin ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Alhali kuwa manoman Bomo da Shika sun daɗe suna ratsa irin waɗannan hanyoyi da Raleigh, da buhun masara a baya, ba tafi ba lambar yabo.

Amma mu 'yan boko na Samaru da Sabon Gari mun mai da keke alamar talauci. Ɗalibi yakan shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello bai san komai ba sai kwalta, gobe a ba shi ofis ya riƙa tsara wa ƙauye rijiya da asibiti. Ina amfanin ma'aikacin da bai taɓa ganin yadda zaizaya ke cinye gonaki a bakin Kubanni ba?

Burtalin da mota ba ta shiga, keke na shiga. Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kafa kulob na 'yan keke, a riƙa fita ran Asabar wajen Dutsen Kufena. Tun da hanyoyin daji sun rasa amincinsu na dā, a tafi a ayari, da rana, da famfo da kayan faci, da sanin mai unguwa.

Gani ya kori ji. Allah ya sa mu gane.