Kance tana nan kusa, amma ba ta cikin darasi



A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yara 52, mata 33, maza 7, kuma mafi yawansu 'yan Kance ne, nan jiharmu. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku, daga nan kowa ya koma harkarsa. Jaririn da aka haifa a wannan shekara yanzu ya isa shiga kwaleji. Ku tare shi ku tambaye shi ranar da Faransawa suka ci Damagaram a Tirmini, wataƙila ya ce muku 1899. Ku tambaye shi abin da ya faru da mutanen Kance a hanyar Tamanrasat, sai ya tsaya yana kallonku. In ma ya sani, a bakin kakarsa ya ji, ba a lakwal ba.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ke nan. Garin da tafiya ta gina shi, amma ana karantar da 'ya'yansa kamar kakanninsu ba su taɓa ɗaura kaya ba. Unguwar Zango me ce ce in ba masaukin ayari ba? Nan Buzaye da fataken Tarabulus ke sauke raƙuma a zamanin Sarki Tanimun. Bayan jihadi, a ƙasar Damagaram masu sarautar Katsina suka fake kafin Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi; ke nan Maraɗin da muke gani 'yan gudun hijira ne suka tayar da ita. Akwai kuma waɗanda aka kawo ba da son ransu ba, bayin da aka kamo a yaƙi, wannan ma tarihinmu ne ko da bai yi mana daɗin ji ba. Sai masu gudun haraji da aikin tilas na Nasara da suka tsallaka Daura da Kano, sai yunwar Kakalaba ta 1914, sai korar baƙi daga Najeriya a 1983, sai yunwar 1984 da har yau tsofaffi ke ce mata El-Buhari, sai masu dawowa daga Libiya a 2011 hannu wofi.

Ba labarin da ba ne kawai. A watan Fabrairu na 2015, da Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, mun ga motoci cike da mata da yara suna shigowa ta hanyar Gure, kuma gidajen mutane ne suka fara karɓarsu. Sansanin Sayam Foraj yana jihar Difa. A 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo wa 'yan bindiga zuwa yankin Gidan Runji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Har gobe kuma ana sauke mutane a iyakar Aljeriya su taka da ƙafa zuwa Asamaka. Yaro a Matamai ko Magarya yana zaune a aji, uwarsa tana can, mushe yana gaban allo yana karanta masa kogunan duniya.

Mun san amsar da ake bayarwa. Wasu su ce abin kunya ne, kada a tona asirin yanki, musamman tun da aka kwaso mabarata daga Dakar a 2022 aka yi ta yi da mu a rediyoyi. To, asirin da duniya ta gani a talabijin, wa ake ɓoye wa? 'Ya'yanmu kaɗai. Kuma yaron da ba a gaya masa dalili ba, gori kawai zai gada. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne: gona ta tsuke saboda yawan jama'a, damina ba ta ciyar da gida wata goma sha biyu, rani ba sana'a. Wanda ya gane haka ba zai kira ɗan ajinsu "ɗan bara" ba. Wasu kuma su ce siyasa ce. Dokar hana safarar baƙin haure da aka kafa a 2015 aka soke ta a 2023, kowa da ra'ayinsa a kanta, amma nisan Arlit zuwa iyaka ba jam'iyya gare shi ba.

Malamai ba su ne abin zargi ba. Ɗan kwantiragin da ke da yara sun fi saba'in a rumfar zana, ba littafi, ba taswira, ba za a ce ya ƙago darasi daga kansa ba. Taimako yake bukata, kuma ba irin na taron otal da ake cin shinkafa a raba kuɗin zama a watse ba. Muna da Jami'ar André Salifou, mai ɗauke da sunan mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun 1971. Muna da makarantar horon malamai ta Tanimun. Me zai hana su haɗu su fitar da ɗan littafi mai shafi ashirin, da Hausa, tun da a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa? A sa taswira ɗaya mai nuna hanyar ayari ta da, da hanyar Agadas da Asamaka ta yau, yaro ya gani da idonsa cewa kusan turba ɗaya ce. A bayyana bambancin ɗan gudun hijira da ya ƙetare iyaka, da wanda rikici ya raba da garinsu a cikin ƙasa, da ɗan ci-rani, don manya ma da yawa haɗa su suke. Aikin gida kuwa ba ya cin ko dala: kowane ɗalibi ya tambayi tsohon gidansu daga ina aka taso, a wace shekara, saboda me.

Abu ɗaya muke roƙon malamai: kada a ta da yarinyar da ta zo daga Boso tsaye a ce ta ba aji labarin daren da suka gudo. Ba kayan kallo ba ce. In ta so ta faɗa wata rana, ita ta sani. Darasin a yi shi a kan hanya, da dalili, da yadda ake karɓar baƙo. Yaran da ke karatun allo sun riga sun san hijirar Habasha da ta Madina, ba baƙon zance ba ne a kunnensu.

Sufetocin makarantu, malamai suna haɗuwa a taron CAPED. Ku ba wannan batu zama ɗaya, ku ba su izini a rubuce, don malami ba ya taɓa abin da yake tsoron za a tuhume shi a kansa. Iyaye kuma, a taron kwamitin makaranta na gaba, bayan maganar bencina da alli, ku tambayi darakta yaushe za a karantar da labarin mutum 92 na Kance.