Layin Amintattu: A Fara da Maniyyata

A yawancin littattafanmu tafiya ƙasar waje ba ta wuce jimla biyu: Alhaji ya hau jirgi a Kano, ya sauka a Dubai, direba na jiransa. Ba layi, ba bincike, ba jami'in da ya jujjuya fasfonsa yana duban fuskarsa. Alhali duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan Katsina ya san tsakanin ƙofar shiga da matakalar jirgi akwai abin rubutawa mai yawa. A can ake gane wanda hukuma ta yarda da shi da wanda take wa kallon zargi.

Amurka ta mayar da wannan yarda tsari a rubuce. A 2008 hukumar kwastan da tsaron iyakarta ta fito da shirin Global Entry. Mutum zai cike takarda ta intanet, ya biya kuɗi (dala 120 tun daga Oktoban 2024), a tona tarihinsa, a kira shi ganawa ido da ido, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Idan ya tsallake, shekara biyar zai yi yana wucewa ta gaban na'ura in ya sauka, sauran fasinjoji na layi. Akwai ƙanen shirin, TSA PreCheck, na binciken kafin hawa jirgi. Kuma yardar ba ta har abada ba ce: ka ɓoye ɗan abinci a jaka ba ka faɗa ba, ana iya ƙwace ta. Mai fasfon Najeriya zalla ba ya cikin waɗanda za su nema, sai in yana da izinin zaman dindindin a can.

Ra'ayina shi ne muna bukatar irin wannan a gida. Na san abin da wani zai ce: layin masu kuɗi ke nan, talaka ya ci gaba da shan rana. To ai layin masu kuɗin muna da shi tuntuni, rubuta shi ne kawai ba a yi ba. Babbar riga, hular da ta sha kari, yaro riƙe da jaka a baya, "ranka ya daɗe, bismillah." Wanda ake zazzage wa kaya shi ne tsohon da ya zo daga ƙauye, ana neman goro a uwar jakarsa. Tsarin da aka rubuta ko ba komai yana da ƙa'idar da za a karanta, a ce wane ya cika ta, wane bai cika ba. Sanayya kuwa ba ta da takardar da za ka ɗaukaka ƙara a kanta.

Kuma mu Katsinawa mun fi kowa sanin cewa auna mutum da sutura da gidansu ba ya kare kowa. Ranar 25 ga Disamban 2009 Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan babban gida daga Funtuwa, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Ya yi karatu a Landan, yana da bizar Amurka mai kyau, ta Legas ya bi. Da ma'auninmu na ido, shi ne na farko da za a ce ya wuce. Abin da ya kamata ya tsayar da shi bayani ne, kuma bayanin akwai shi, domin mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoto makonni kafin nan. Ba a yi aiki da shi yadda ya kamata ba. Me ya biyo baya? A Janairun 2010 aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a riƙa tsananta wa matafiyansu bincike. Laifin mutum ɗaya, aka shafa wa miliyoyi. Tsarin amintaccen matafiyi kishiyar wannan ne: a duba mutum shi kaɗai, da abin da ya aikata, a daina yi masa hukunci da launin fasfonsa ko girman rigarsa.

Abin ma ba baƙo ba ne a gare mu. Lokacin da ganuwar Katsina ke tsaye, ana rufe ƙofofi irin su Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da dare, kowace da mai tsaronta. Falken da ya shigo gari da kaya wurin mai masaukinsa yake sauka, shi ke tsaya masa, shi ke haɗa shi da masu saye, in an ba shi bashi da sunan maigidan aka ba shi. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya rasa masauki. Bambancin kawai, yanzu kwamfuta ce ke riƙe da abin da maigida ke riƙewa a ka.

Inda na rabu da masu kwaikwayon Amurka kai tsaye shi ne wurin farawa. Idan aka ce a biya kuɗi mai yawa a sami kati, 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa ne za su saya, su da dama ba sa layi. Filin jirginmu na Katsina lokacin aikin Hajji yake cika ya batse, kuma maniyyaci shi ne matafiyin da aka fi tantancewa a ƙasar nan. Hukumar alhazai ta jiha ta yi masa rajista ta ƙaramar hukumarsa, an yi masa fasfo da lambar NIN, an duba lafiyarsa, an yi masa allura, an ɗauki yatsunsa don biza, ya zauna bita. Bayan duk wannan ya kwana a sansanin alhazai yana jira, ya yi layi a nan, ya sauka Jidda ko Madina ya sake wani layin da gajiyar tafiya a jikinsa, wataƙila ma dattijo ne da bai taɓa hawa jirgi ba.

Saudiyya da kanta ta buɗe hanyar rage wannan wahala. A shirinta na Hanyar Makka, jami'anta ne ke zuwa ƙasar maniyyaci su gama masa aikin shige da fice tun kafin ya tashi, a sa wa kayansa alama, in ya sauka ya wuce mota, jakarsa ta same shi a masauki. A Hajjin 2024 ƙasashe bakwai ne a ciki: Malesiya, Indonesiya, Pakistan, Bangladash, Turkiyya, Maroko da Kwaddibuwa. Kwaddibuwa fa, da ke nan Afirka ta Yamma. Najeriya, da ke da kujeru 95,000 a wannan shekarar, ba ta ciki. Wannan ya fi cancantar hukumar NAHCON ta sa a gaba fiye da duk wani ɗakin hutawar manya, kuma ya kamata wakilan Katsina a majalisa su riƙa tambayarta inda maganar ta kwana.

Akwai tsoron da na yarda da shi, na bayanan mutane. Wanda ya ba da yatsunsa da tarihin tafiyarsa ya ba da abu mai tsada, kuma 'yan ƙasar nan sun bayar a banki, sun bayar a layin waya, sun bayar wurin katin ɗan ƙasa. Dole a faɗa wa mutum wa zai gani, shekara nawa za a ajiye, da dalilin da za a hana shi in an hana. Idan jami'i zai iya cire suna ko ya saka don an kira shi a waya, to mun dawo gidan jiya, sai dai an ƙara mana kuɗin kati.

Daga maniyyata sai a gangara Jibiya. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi kowane mako, jami'an shingayen hanya sun san fuskarsa sun san motarsa, amma kullum a tsayar da shi kamar yau ya fara. Shi ma a yi masa rajista, a tantance shi, a ba shi katin da zai nuna ya wuce, ranar da aka kama shi da kayan fasa-ƙwauri a karɓe.