Baiko Ba Ya Wanke Mudun Ha'inci

'Yan'uwa Hausawa mazauna Diko, yau da masu zuwa sujada nake. Ran Lahadi wasunmu har rawa suke da baiko a hannu, ran kasuwa kuwa su sayi hatsin matan Gbagyi da babban mudu, su sayar da ƙarami. Wai an ce su shuka iri, Allah zai ninka. To ina aka bar annabi Amos, wanda ya yi tir da masu rage mudu? Bulus ma ya gargaɗi Timoti kan masu mai da ibada hanyar riba. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake da Hausa, balle wani ya ce Turanci ya hana shi ji. Dattawan ikkilisiya, ku leƙo kasuwa ku duba mudu kafin ku karɓi zakka.