RA'AYINMU: Idon Na'ura Da Halin 'Yan Ci-Rani

Duk wanda ke zaune a Ikko ya san cewa an kakkafa na'urorin ɗaukar hoto a kan manyan tituna, masu karanta lambar mota su aika wa mai ita takardar tara ta wayarsa ba tare da wani jami'i ya tsayar da shi ba. Tun daga watan Disamba na 2020 kuma aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Ba shakka waɗannan matakai suna da amfani wajen kama masu laifi. Amma abin da ke biye da su ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

A ƙasashe da dama na'ura ta wuce ɗaukar hoto kawai. Ana loda mata ɗimbin bayanai game da yadda mutane ke tafiya, da inda suke kwana, da yadda suke kashe kuɗi, har ta koyi abin da ta ɗauka shi ne halin yau da kullum. Wanda ya saɓa wa wannan sai ta sa masa alamar tuhuma. Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kai. A lardin Xinjiang na ƙasar Sin, wani rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya nuna cewa shan wutar lantarki fiye da kima, ko yawan shiga gida ta ƙofar baya, ya isa ya sa a binciki mutum.

To, ina wannan ya bar ɗan Arewa mai neman abinci a Kurmi? Ɗan dako a kasuwar Mile 12 yana kwana a rumfa, ya tashi tun kafin asuba. Mai dabbobi yana isowa cikin dare a bayan tirela tare da mutum ashirin. Mai shayi a Agege ko Sabon Ibadan yana tura kuɗi gida kaɗan-kaɗan, sau da yawa ta asusun wani ɗan garinsu. Duk wannan halal ne, kuma haka neman abinci ya gada. Sai dai na'urar da ta koyi darasinta daga rayuwar ma'aikacin ofis mai adireshi da albashi za ta ga kowane ɗaya daga cikinsu a matsayin abin zargi.

Ko wajen gane fuska ma na'urar tana kuskure. A 2019 hukumar auna ingancin fasaha ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori, ta tarar da yawansu sun fi rikita fuskokin 'yan Afirka da na 'yan Asiya a kan na Turawa, wasu har ninki 10 zuwa 100. A watan Janairu na 2020 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata, Robert Williams, a gaban iyalinsa, saboda na'ura ta ce shi ne ɓarawon agogo, alhali ba shi ba ne.

Jama'ar Arewa ba sa buƙatar a gaya musu illar zato. A watan Maris na 2025 aka hallaka mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano, don kawai an ɗauke su masu satar mutane. Idan aka ɗora irin wannan zato a cikin na'ura, zai sami hatimin hukuma, kuma talaka ba shi da wanda zai kai wa kuka.

Doka dai tana nan. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 41 ya ba shi 'yancin zama ko'ina a Nijeriya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura ita kaɗai ta yanke a kansa. Tarayyar Turai kuwa a dokarta ta 2024 ta haramta amfani da na'ura don karanta yanayin zuciyar ma'aikata da ɗalibai, in ba don lafiya ko kare rai ba.

Saboda haka wajibi ne gwamnatocin jihohi su bayyana wa jama'a abin da na'urorinsu ke tattarawa, da wanda ke riƙe da shi, da tsawon lokacin da ake ajiye shi. Kada a kama kowa bisa shaidar na'ura kawai, sai mutum ya duba. A kuma buɗe hanyar ƙorafi da Hausa da sauran harsunan ƙasa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ma suna da aiki a gabansu. Su nemi a zauna da su kafin a kafa irin waɗannan na'urori a unguwanninsu, su kuma gargaɗi jama'a kada su ba da aron layin waya ko asusun banki ga wanda ba su sani ba, domin mai sunan ne za a nema ranar da abu ya ɓaci. Rigakafi dai ya fi magani.